Laifin Kamfanin Gine-gine da Alhakin Shugabanninsa: Tambayoyi da Amsoshi ga 'Yan Kwangila a Gombe

Waɗannan tambayoyi ne da suke yawan fitowa daga bakin 'yan kwangila, injiniyoyi da daraktocin ƙananan kamfanonin gine-gine a Gombe da kewaye, musamman idan aiki ya tsaya, ko gini ya tsage, ko takardar gayyata ta iso daga wata hukuma. Amsoshin bayani ne na gaba ɗaya a kan dokar Najeriya. Wanda magana ta riga ta hau kansa, lauya zai nema ya zauna da takardunsa.

Tunda na yi wa kamfanina rajista, ba na raba kaina da duk abin da zai same shi ba ke nan?

Ka raba kanka da bashinsa, amma ba ka raba kanka da aikin hannunka ba. Dokar Kamfanoni ta 2020, wadda aka fi sani da CAMA, ta ɗauki kamfanin da Hukumar Rajistar Kamfanoni (CAC) ta yi wa rajista a matsayin mutum mai zaman kansa a idon doka: yana mallakar fili da motoci, yana ƙulla yarjejeniya, yana kai ƙara, ana kuma kai shi. Wannan ƙa'ida ta samo asali ne daga shari'ar Salomon da aka yanke a Ingila a 1897, kuma kotunan Najeriya suna bin ta har yau. Saboda haka idan kamfaninka ya ci bashin siminti ya kasa biya don kasuwa ta juya masa baya, dillalin ba shi da ikon ɗaukar gidanka na Tumfure, sai fa idan kai da kanka ka sa hannu a matsayin mai tsaya wa bashin.

Laifi kuwa wani abu ne daban. Wanda ya ba da umarnin a rage rodi, ko ya sa hannu a takardar ƙarya, ko ya kwashe kuɗin aiki ya kai wata sabga, shi ya aikata, kuma takardar rajista ba ta goge wannan. Kotu tana da ikon tsallake kamfanin ta kama mutumin da ke bayansa idan ta ga an yi amfani da sunan kamfani ne don zamba ko don kauce wa doka.

Ni sunan kasuwanci kawai na yi wa rajista. Wannan kariyar ta shafe ni?

Ba ta shafe ka ba. Sunan kasuwanci laƙabi ne da kake ciniki da shi, ba wani mutum na biyu ba ne a wurin doka. Bashinsa bashinka ne, laifinsa laifinka ne, kuma idan da abokan tarayya kuke aiki, kowannenku yana iya ɗaukar nauyin abin da ɗan'uwansa ya ƙulla da sunan sana'ar.

Su wane ne doka take kallo a matsayin shugabannin kamfani?

Na farko su ne daraktocin da sunayensu ke rajistar CAC, da manajan darakta. Dokoki da dama sun ƙara da manaja, da sakataren kamfani, da duk wanda yake aiki a matsayi irin nasu ko da ba a naɗa shi a takarda ba. Akwai kuma wanda mutane suke mantawa da shi, wato mutumin da sunansa bai fito ko'ina ba amma daraktoci sun saba yin abin da ya ce. CAMA tana ɗaukarsa a matsayin darakta. Alhajin da ya sa ƙannensa a takarda, alhali shi ke cewa a biya wane, a sayi rodi a wurin wane, a zuba kankare gobe, bai fita daga cikin lissafi ba. Dokar ta kuma wajabta a bayyana wa CAC duk mai riƙe da kashi 5 cikin 100 na hannun jari ko fiye, ko mai juya akalar kamfanin.

Ta wace hanya laifin kamfani yake komawa kan mutum?

Hanyoyi biyu ne. Ta farko ita ce mutum ya aikata laifin da hannunsa, ko ya sa a aikata, ko ya taimaka. A nan ana tuhumarsa ne kamar kowa, ƙarƙashin dokar hukunta laifuffuka ta Final Kod da ake aiki da ita a jihohin Arewa. Ta biyu ita ce ta wani sashe da ake sakawa a dokoki da yawa, wanda ke cewa idan kamfani ya yi laifi, shugaban da abin ya faru da yardarsa, ko da haɗin bakinsa, ko saboda sakacinsa, shi ma ya yi laifin.

Ya kamata a bambance waɗannan ukun. Yarda ita ce ka san abin ka amince. Haɗin baki ya haɗa da wanda ya ga alamar abin da ke gudana ya kau da kai don kada a ce ya sani. Sakaci kuwa shi ne ka ƙi yin abin da muƙaminka ya ɗora maka, har ɓarnar da ya kamata ka tare ta wuce ta gabanka. Na ukun shi ya fi kama mutanen kirki, domin ba a buƙatar a nuna mugun nufi; ya isa a nuna cewa dubawar tana wuyanka kuma ba ka duba ba. Yadda ake kare kai daga wannan yana cikin amsar tambayar da ta shafi damƙa aiki ga injiniya.

Na karɓi kuɗin kafin alƙalami na wani aiki, na toshe wani aikin da su da niyyar mayarwa. Laifi ne?

Wannan ita ce tambayar da aka fi yi, kuma ita ce ta fi jefa 'yan kwangila cikin wahala. Yadda abin yake faruwa sananne ne: an biya kafin alƙalamin ginin azuzuwa a Dukku, amma ana bin kamfanin kuɗin tsakuwa na wani kwalbati a Kumo wanda ba a biya shi ba tukuna, sai a ɗebi na Dukku a rufe bakin na Kumo, ana jiran fitowar wancan kuɗin. Idan ya fito a kan lokaci, babu wanda ya ji. Idan ya makale wata shida, farashin siminti ya tashi, azuzuwan suna nan a matakin linta, to magana ta canza.

Sashe na 316 na CAMA ya yi magana a kan wannan kai tsaye. Idan kamfani ya karɓi rance don wata manufa ta musamman, ko ya karɓi kuɗi ko kaya a matsayin somin-taɓi don aiwatar da kwangila, sannan da niyyar zamba ya ƙi amfani da su a inda aka bayar dominsa, kowane darakta ko jami'in da ke da hannu zai biya daga aljihunsa, kuma hakan bai sauke wa kamfanin nasa nauyin ba. Ban da wannan akwai tuhumar cin amana da ta zamba a ƙarƙashin Final Kod, da kuma Dokar Zamba ta 2006 wadda EFCC ke yawan amfani da ita, mai hukuncin ɗaurin shekara 7 zuwa 20 ba tare da zaɓin tara ba ga wanda ya karɓi dukiya ta hanyar yaudara.

Gaskiya ne cewa sai an tabbatar da niyyar zamba, kuma kasa gama aiki kaɗai ba zamba ba ce. Sai dai niyya ba a ganinta da ido, daga takardun banki ake karanto ta. Idan bayanan asusu suka nuna kuɗin sun shigo ranar Litinin, ranar Laraba an tura rabi zuwa asusun darakta na kansa, an biya kujerar Umara, an sayi mota, zai yi wuya alƙali ya yarda cewa tsadar kaya ce ta tsayar da aikin. A ganina babu abin da ya fi wa ɗan kwangila sauƙi da aminci kamar kowane aiki ya kasance da lissafinsa daban, kuma idan tsada ta riske shi ya rubuta wa mai aikin tun da wuri, ya ajiye kwafin da aka buga wa hatimin karɓa.

Kwangilar gwamnati tana da wani hukunci na daban?

Tana da shi, kuma ya fi tsanani. Dokar Sayen Kayayyaki da Bayar da Kwangila ta 2007, wadda ta shafi ayyukan gwamnatin tarayya, ta lissafa laifuffuka a sashe na 58: haɗa baki tsakanin masu neman kwangila don tsara farashi, gabatar da takardun jabu, sauya takardun neman aiki, daddatsa kwangila don kauce wa ƙa'ida, da neman juya ra'ayin jami'ai ta hanyar da ba ta dace ba. Kamfanin da aka samu da laifi za a hana shi kwangilar gwamnati na aƙalla shekara 5, a kuma ci shi tarar kashi 25 cikin 100 na darajar kwangilar. Sannan dokar ta ce kowane darakta da sunansa ke rajistar CAC yana fuskantar ɗaurin shekara 3 zuwa 5 babu zaɓin tara.

Abin da ya fi yawa a nan shi ne takardar shaidar biyan haraji ko ta fansho da wani ɗan tsakani ya “samo” cikin kwana biyu, da kuma dabarar mutum ɗaya ya shigar da kamfanoni uku nasa don a ga kamar an yi takara. Ayyukan jiha suna bin dokar jiha, don haka a karanta ta kafin a cike fom. Ayyukan mazaɓu kuma, tun 2019 Hukumar ICPC take bin sawunsu har ƙauyuka, tana tilasta wa waɗanda suka gudu su koma bakin aiki ko su mayar da kuɗi.

Maigidana ya sa sunana a matsayin darakta, amma ban taɓa zuwa ofishin ba. Ina da abin tsoro?

Hajiya, akwai abin lura, ko da yake ba kowane laifi ne zai hau kanki ba. A laifin da sai an nuna sani ko yarda, kamar zamba, rashin hannunki kariya ce mai ƙarfi. Amma CAMA ba ta san darakta na ado ba. Ta ɗora wa kowane darakta riƙon amana da kulawa irin ta mai hankali, kuma kamar yadda aka gani a amsar da ta gabata, dokar kwangilar tarayya sunan da ke rajista take bi. Idan kuma kina cikin masu sa hannu a asusun banki, ko kin taɓa sa hannu a cek ko wata takarda da aka kawo miki gida ba ki karanta ba, za a fara tambayarki ne daga nan.

Tun 2020 doka ta yarda mutum ɗaya ya kafa kamfani mai zaman kansa, kuma ƙaramin kamfani yana iya zama da darakta ɗaya. Dalilin da ya sa a da ake cike gurbi da sunan mata da 'ya'ya ya kau. Maigidan da yake son iyalinsa su amfana yana iya ba su hannun jari ba tare da ya naɗa su daraktoci ba. Yaron da bai kai shekara 18 ba kuwa doka ba ta yarda ya zama darakta ba sam.

Na ba wani aron takardun kamfanina ya nemi aiki, ya ba ni kasona. Idan ya ɓata aikin fa?

A takarda kamfaninka ne ya karɓi kwangilar, asusunsa ne kuɗin suka shiga, sa hannunka ne a yarjejeniyar. Mai aikin bai san wancan mutumin ba. Idan ya gudu da kuɗin ko ya yi aikin banza, ƙofarka za a fara ƙwanƙwasawa, kuma bayanin cewa aro ka bayar yana iya zama shaida a kanka, domin ya nuna an yaudari mai bayar da aikin game da wanda zai yi shi. Haka abin yake ga sayar da kwangila ba da izinin mai ita a rubuce ba.

Idan gini ya rushe aka rasa rai, wa za a kama: kamfani, injiniya, ko mai kamfanin?

Ana iya tuhumar dukkansu, kowa gwargwadon hannunsa. Najeriya ba ta da doka ta musamman a kan kisan da kamfani ya jawo. Majalisar Tarayya ta zartar da ƙudiri a kan haka, amma Shugaba Buhari bai sa masa hannu ba a 2018. Birtaniya tana da irin wannan doka tun 2007, kuma kamfanin farko da aka samu da laifi a ƙarƙashinta a 2011 an ci shi tarar fam 385,000 bayan ramin gwajin ƙasa ya rufta da wani ma'aikacinsa. Rashin irinta a nan yana sa masu gabatar da ƙara su fi karkata ga mutane, ta hanyar tuhumar jawo mutuwa da ganganci ko sakaci. Bayan rushewar masaukin baƙi na cocin Synagogue a Legas a watan Satumba na 2014, inda mutum 116 suka rasu, an gurfanar da injiniyoyi biyu tare da kamfanoninsu. Bayan rushewar benen kamfanin Lekki Gardens a Legas a 2016, shugaban kamfanin da kansa yana cikin waɗanda aka gurfanar. Kusa da mu kuma, rushewar wata makaranta a Jos a watan Yuli na 2024 ta ci rayuka 22, akasarinsu ɗalibai.

Masu bincike ba sa tsayawa a kan wanda ya riƙe cebur. Suna ɗaukar gutsuren kankare su gwada ƙarfinsa, su auna kaurin rodi su gwama da zanen da aka amince da shi, su ƙirga hawa nawa hukumar tsara birane ta ba da izini da nawa aka ɗora. Idan zane ya ce rodi mai milimita 16 a ginshiƙi aka tarar da mai 12, tambaya ta gaba ita ce wa ya saya, wa ya amince da rasit ɗin. Idan an cire katakon da ke tallafe da rufin kankare (dakin) kafin kankare ya yi ƙwari, alhali kowane injiniya ya san sai a kwana 28 ake auna cikakken ƙarfinsa, za a tambayi wanda ya matsa a yi sauri. Sau da yawa amsar tana komawa ofishin mai kamfanin ne, wurin da ake yanke shawarar kuɗi.

A Gombe akwai ƙarin dalilin taka-tsantsan. Zaizayar ƙasa ta daɗe tana cin unguwanni a cikin birnin, kuma a wasu sassan jihar akwai baƙar laka mai kumbura da damina ta tsattsage da rani. Shugaban da aka ba shawarar a gwada ƙasa kafin a haƙa harsashin bene, ya ƙi don kada ya kashe kuɗi, ya bar shaidar sakacinsa a rubuce. Wannan ba baƙon hukunci ba ne a wurinmu: malaman fiƙihun Malikiyya sun daɗe da cewa mai katangar da ta karkata, aka gargaɗe shi, yana da halin gyarawa bai gyara ba, shi ke da lamunin abin da ta faɗa wa.

Na damƙa komai a hannun injiniya da foman. Wannan bai wanke ni ba?

Yana iya wanke ka idan damƙawar ta gaskiya ce. Doka ba ta ce darakta ya iya lissafin nauyin ginshiƙi ba, kuma tana yarda ya dogara da ƙwararre. Amma sai ƙwararren ya kasance ƙwararre: injiniya mai rajista da hukumar injiniyoyi ta COREN, magini mai rajista da hukumar magina ta CORBON, mai zane mai rajista da hukumar masu zanen gini ta ARCON. Wanda ya ɗauki tsohon birkila ya kira shi injiniya don albashinsa ya fi sauƙi, ko ya biya a buga masa hatimin injiniyan da bai taɓa taka filin ba, bai damƙa komai ba. Sannan sai ka ba shi kayan da ya nema, ka kuma saurare shi idan ya ce a tsaya.

Abin da ke tsaya wa shugaba a gaban kotu takardu ne da aka rubuta tun kafin abin ya faru: izinin gini, rahoton gwajin ƙasa, sakamakon gwajin kankare, littafin da ake rubuta aikin kowace rana a fili, da bayanin zaman daraktoci. Daraktan da bai yarda da wata shawara ba ya tabbatar an rubuta ƙin yardarsa a bayanin zaman. Saƙonnin WhatsApp ma kotu tana karɓarsu a matsayin shaida, kuma saƙon da ke cewa “a lallaɓa da abin da ke ƙasa” bayan injiniya ya nemi ƙarin siminti yana iya zama abin da shari'ar za ta rataya a kai.

Lebura na yini ya faɗo daga bene ya karye. Tunda ba ma'aikacin dindindin ba ne, akwai abin da ke kaina?

Akwai. Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta haɗa da ma'aikacin wucin gadi, da ɗan koyo, da wanda aka ɗauka da baki ba takarda. Ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF, ya kuma kai rahoton haɗari. Tun Dokar Inshora ta 2003, wadda wata sabuwa ta maye gurbinta a 2025, aka kuma wajabta inshora ga ginin da ake kan yi idan ya haura adadin hawan da doka ta ƙayyade, don ma'aikata da masu wucewa. Kamfanin da bai yi waɗannan ba ya karya doka tun kafin kowa ya faɗo. Idan kuma an hau da mutum sama a kan ruɓaɓɓen katako, babu hular kwano babu igiya, bayan an sha yi wa shugabanni ƙorafi, maganar ta koma kan sakacin da aka yi bayaninsa a sama. Biyan kuɗin asibiti da zuwa dubiya hakki ne na mutuntaka da ya kamata a gaggauta, amma ba su maye gurbin waɗannan wajibai ba.

Cek ɗin kamfani ne ya dawo babu kuɗi, ba nawa ba. Me ya sa ake nemana?

Dokar 1977 a kan cek marar kuɗi ta tanadi ɗaurin shekara 2 babu zaɓin tara ga mutumin da ya karɓi kaya ko bashi da cek ɗin da aka kai banki cikin wata uku ya dawo don babu isassun kuɗi, kuma ta haɗa da shugaban kamfanin da abin ya faru da yardarsa ko sakacinsa. Kariyar da ta bayar ita ce mutum ya nuna yana da ƙwaƙƙwaran dalilin zaton za a biya cek ɗin lokacin da ya rubuta shi. Biyan tsabar kuɗi ma yana da iyaka: Dokar Hana Halasta Kuɗin Haram ta 2022 ta hana cinikin tsaba da ya haura naira miliyan 5 ga mutum, ko miliyan 10 ga kamfani, ba ta banki ba, kuma kamfanonin gine-gine suna cikin waɗanda ake buƙatar su yi rajista da SCUML, sashen EFCC mai sa ido a kan halasta kuɗin haram.

Idan na ajiye muƙamina, ko muka rufe kamfanin, maganar ta mutu?

Ajiye muƙami yana tsayar da alhakin abin da zai zo nan gaba, ba ya shafe na baya. Kuma sai an sanar da CAC an cire sunan. Wanda ya yi sallama da baki ya tafi, sunansa yana nan a rajista. Rufe kamfani ma ba mafaka ba ce. A lokacin warware kamfani, kotu tana iya ɗora bashinsa a kan duk wanda ya gudanar da shi da niyyar cutar masu bin bashi, kuma CAMA ta 2020 ta ƙara da daraktan da ya ci gaba da ciniki alhali ya sani, ko ya kamata ya sani, cewa kamfanin ba zai tsira daga durƙushewa ba. Kotu tana kuma iya hana wanda aka samu da zamba zama darakta har tsawon shekara 10.

'Yan sanda sun tsare ƙanena don ba su same ni ba, a kan aikin da ban gama ba. Doka ta yarda? Kuma idan muka yi sulhu, shari'ar ta ƙare?

Doka ba ta yarda ba. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama wani a madadin wanda ake zargi, ta kuma hana kama mutum don saɓa yarjejeniya kawai. Jinkirin aiki ko saɓani a kan awo magana ce ta kotun farar hula ko ta masu sasanci, sai idan akwai zargin zamba irin wanda aka yi bayani a amsar kafin alƙalami. Duk da haka, wanda aka gayyata, ko daga 'yan sanda ko daga ofishin EFCC na shiyyar Gombe, ya amsa gayyatar tare da lauyansa da takardun aikin, kada ya ɓuya, kada kuma ya sa hannu a alkawarin biyan bashin kamfani da sunansa na kansa kafin lauya ya karanta, domin da wannan sa hannun yake mayar da bashin kamfani nasa.

Sulhu yana kashe ƙarar neman kuɗi idan an rubuta shi da kyau, kuma mayar da kuɗi yana iya sassauta hukunci ko ya buɗe hanyar sasantawa da masu gabatar da ƙara. Amma babban laifi, musamman inda aka rasa rai, ƙarar hukuma ce. Ko iyalan mamaci sun karɓi diyya sun yafe a gaban mai unguwa da limami, ikon janye tuhumar yana hannun Babban Lauyan Gwamnati, na jiha ko na tarayya, gwargwadon dokar da aka yi tuhumar a ƙarƙashinta.